Hamadar Arizona ta fi ta Yusufari ne?

Jama'a, wai ina amfanin wannan tutiya? 'Yan uwanmu da suka dawo daga Amurka sun cika mana kunne a Mamudo da yadda suka goya jakunkuna, suka yi ayari cikin kwazazzabon Grand Canyon. Tambaye su tuddan yashin Tulo-Tulo ko dausayin Bulatura, sai su ce tsaro. To, mu ma ba mu manta da 6 ga Yulin 2013 ba, ranar da aka kashe mutum 42 a sakandaren garin nan. Amma kafin rikicin fa? Tun 1991 Bulatura ke cikin gandun dajin Tafkin Chadi, ba su leƙa ba. Haba! Hamadar da suke biyan dala don kallo, a Yusufari gonakin mutane take binnewa.