Ragi da Kwantai a Jadawalin Excel

A ɗauka ɗan kasuwar Kantin Kwari ya saro turmin atamfa a kan naira 6,000, yana sayarwa 10,000. Idan Sallah ta wuce ya yi ragin kashi 20 cikin ɗari, ribarsa za ta faɗo daga 4,000 zuwa 2,000, wato sai turmi biyu sun fita kafin ya sami ribar ɗaya. Jadawalin Excel kan nuna wannan nan take, sai dai yawanci da Turanci ake sanya wa layukansa suna. Bai kamata manazarta su gaggauta ƙirƙirar kalmomi ba, alhali sari, uwar kuɗi, haja da kwantai suna bakin 'yan Kwari tun kafin zuwan kwamfuta. A fara tattara su, a tantance inda ragi ya bambanta da rangwame.