Raddi ga masu cewa a cire wa kasuwa linzami

Da zarar tattalin arziki ya shiga mashassharar koma-baya, sai wasu masana su ce dokoki ne suka daure 'yan kasuwa, a kwance su kawai mu iya gogayya da sauran ƙasashe. An sha jin haka a 2016, shekarar da faɗuwar farashin mai ta rage arzikin Nijeriya da kashi 1.6 cikin ɗari.

Hujjarsu ta farko ita ce doka tana ƙara wa kaya tsada. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Mai fito da kaya daga tashar Apapa, da ke bin tebur bayan tebur yana neman sa hannu, wahalarsa ba ta kare kowa. Amma wannan dalili ne na rage tebura, bai kai ga soke binciken kaya ba.

Ta biyu, wai kasuwannin duniya sun fi son ƙasar da dokarta ta yi sako-sako. To, a tambayi manoman wake. A Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwarin nan, fiya-fiya, da ta samu a ciki. Dillali ya yayyafa wa buhu magani don gudun ƙwari, aka ɗinke, aka loda, babu wanda ya tsaya ya auna. A 2016 aka tsawaita haramcin da shekara uku, daidai lokacin da ƙasa ke neman dala ruwa a jallo. Wace doka ce ta rufe mana wannan kasuwa? Sakacin masu aiwatar da ita ne, kuma manomin da bai taɓa fesa komai ba shi ma ya sha.

Ta uku ta fi rauni: a sassauta wa bankuna na ɗan lokaci, in an farfaɗo a mayar. Mun riga mun ɗanɗana. Kafin 2009 bankuna sun yi ta ba da rance ana sayen hannun jari ido rufe. Da kasuwar hannun jarin ta ruguje, gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a Agustan 2009, Babban Banki ya zuba jimillar kimanin naira biliyan 620 don ceto bankunan da suka shiga matsala, aka kuma kafa hukumar AMCON a 2010 ta kwashi basussukan da suka ruɓe. Masu rajin sassauci ba sa faɗin aljihun wa aka taɓa, kuma shekara goma bayan nan AMCON ba ta gama bin waɗannan basussuka ba.