Valium Ba Maganin Farfaɗiya Na Kullum Ba Ne

Da yawa daga cikin 'yan Arewa mazauna Agege, Idi-Araba da Sabon Ibadan sun baro wani mai farfaɗiya a gida, suna aika kuɗin magani duk wata. Madalla da zumunci. Amma fa ya kamata su riƙa tambayar wane magani ake saye.

A unguwar Pantami ta garin Gombe, kamar sauran unguwannin Arewa, akan samu mai ciwon da ba ya zuwa asibiti, sai kemis. A can a ba shi Valium, wato diyazifam, ya sha ya yi barci, iyaye su ce an dace.

Kamfanin Roche ne ya fito da ƙwayar nan a 1963, kuma lalle tana da amfani. Idan farfaɗiya ta wuce minti 5 ba ta saki mutum ba, likitoci kan yi allurarta su ceci rai. Shan kullum ne ɓarnar.

A shekarun 1980 masana sun gwada ta a jikin ɓeraye. Suka riƙa ba su kowace rana, sa'an nan su tayar musu da farfaɗiya da gangan. Da farko maganin ya tsare su sosai. Bayan 'yan makonni ƙarfinsa ya ragu, domin ƙwaƙwalwa ta saba da shi. Da aka yanke shi gaba ɗaya kuwa, ciwon ya fi saurin kama su. Likitoci sun ga irin haka ga mutane: ƙwaya ɗaya ta koma biyu, ranar da aka rasa ta ciwon ya dawo da ƙarfi. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan sun sami maganin da ya dace, irin su finobabiton da kabamazifin, bisa awon likita.

Saboda haka mai aika kuɗi Pantami ya haɗa da sharaɗi: a kai mara lafiya Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Gombe. Wanda kuma ya riga ya saba da Valium kada a raba shi da ita dare ɗaya. Likita ne zai rage masa sannu a hankali.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.