Sassarfar asuba ba ta cin gudun mita 100

Ƙannena, na san abin da yawancinku ke yi da zarar kyaftin ya rubuta sunanku a gudun mita 100 ko 200 na inta-haus. Sai ku tashi da sassafe ku yi ta zagaye fili a hankali, zagaye goma, sha biyar, har riga ta jiƙe sharkaf. Wannan sassarfa tana da amfaninta, domin tana ƙarfafa zuciya. Sai dai ƙafar da aka saba mata da gudu a hankali, ranar gasa ma a hankalin za ta tafi.

Tsokar mutum tana da murhu iri biyu. Akwai na gawayi, mai ci a hankali ya daɗe, wanda ke aiki da iskar oksijin da muke shaƙa, kuma shi ne na dogon gudu. Akwai kuma wutar kara, mai tashi nan take ta ci bal-bal ta mutu, ba tare da ta jira numfashi ya kai mata oksijin ba. Masana na kiran wannan na biyun anerobik. A daƙiƙa goman farko na gudu da iyakar ƙarfi, tsoka tana cin wani ɗan tanadi da ke cikinta mai suna fosfokiriyatin. Idan ya yi ƙasa sai ta dogara da farfasa sukarin da ta adana, cikin gaggawa, kuma a nan ne cinya ke fara raɗaɗi. Duk wanda ya taɓa gudun mita 400 ya san yadda mita 100 na ƙarshe suke, kamar an ɗora masa buhun siminti.

Da wannan wutar ce Usain Bolt ya gama mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Balin a 2009, da ita Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a gudun tsallake shinge a Amurka a 2022. Masu ƙwallo kuma ku tuna ƙwallo ta biyu da Ahmed Musa ya ci Aisilan a Rasha a 2018. Gudun 'yan daƙiƙoƙi ne ya bar mai tsaron baya a bayansa.

Atisayen ba ya buƙatar kayan aiki. Bayan ɗumama jiki na minti goma, ka auna mita 30, ka ruga da iyakar ƙarfinka sau shida, kana hutawa minti biyu zuwa uku tsakanin kowane gudu. Hutun nan ba lalaci ba ne, lokacin ne tanadin tsoka ke sake cika. Wanda ya ƙi hutawa ya koma sassarfa bai sani ba. Wata ranar kuma ka yi mita 150 sau huɗu da hutu mai ɗan tsawo. Sau biyu a mako ya isa, da tazarar kwana biyu a tsakani.

Inda aka fi barin mu a baya shi ne awo. Tambayi ɗalibi ko gudunsa ya ƙaru, sai ya ce “ina ji a jikina.” Jiki kuwa ya iya yaudara. Ka nemi tsohon littafin rubutu da aboki mai agogo ko waya, duk bayan mako uku ko huɗu ku yi gwaji. Fili ɗaya, takalmi ɗaya, lokaci ɗaya na yini, kuma mutum ɗaya ne zai riƙa danna agogon, domin saurin yatsa ya bambanta. Ko a manyan gasa, idan da hannu aka auna gajeren gudu, akan ƙara daƙiƙa 0.24 kafin a kwatanta shi da awon na'ura. Saboda haka kada ka je kana cika baki da lokacin da abokinka ya ba ka.

Abu uku za ka rubuta: lokacinka mafi kyau, ratar da ke tsakanin gudun farko da na shida, da bugun zuciya minti ɗaya bayan ka gama. Sa yatsu biyu a wuyan hannu, ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Ni na biyun na fi so a kula da shi. A ce yau gudunki na farko daƙiƙa 5.0 ne, na shida 5.8. Bayan wata guda na farko yana nan a 5.0, amma na shida ya dawo 5.4. Wadda ke duban lokaci mafi kyau kaɗai za ta ce aikin banza ta yi, ta daina. Alhali ta ci gaba sosai, domin yanzu ƙarfinta ba ya zubewa da wuri, kuma abin da ake nema ke nan a minti na 80 na wasan ƙwallo. Idan kuwa lokutan sun fara lalacewa mako biyu a jere, mai yiwuwa barci ko abinci ne ya gaza, ko aikin ya yi yawa. Sai a rage.

Akwai masu cewa tiramadol na ƙara ƙarfi. Abin da yake yi shi ne toshe jin ciwo, sai mutum ya yi ta gudu a kan tsokar da ta yage, ga kamuwa da jarabarsa. Tun farkon 2024 hukumar WADA ta haramta shi a lokacin gasa.

Mai sikila, ko wanda gwajin jini ya nuna AS ne, da mai asma, su fara ganin likita, kuma su gaya wa malamin wasanni tun kafin a sa su a layi. A zafin Maris da Afrilu a yi atisayen da sassafe ko bayan la'asar, da gorar ruwa a kusa. Wanda ya ji jiri ko ciwon ƙirji ya tsaya nan take, ko da saura gudu ɗaya ya cika shida.