Dashen Gashi: Abin Da Mai Sanƙo Zai Auna Kafin Ya Miƙa Kai

Duk wanda ya taɓa noman rani ya san dashe. A kan yafa irin albasa ko na tumatir a wani ɗan fili, in ya tsiro ya yi ƙwari sai a cire shi a kai fangalin da a ke so ya girma. Manomi ya sani sarai dashe ba ya ƙara masa ko tsiro ɗaya. Abin da ya cire daga nan shi ne zai bayyana a can, in ma bai yi asarar waɗansu a hanya ba. To, aikin nan da likitoci ke kira dashen gashi, wanda tallarsa ta cika wayoyin jama'a a 'yan shekarun nan, haka ya ke ba ragi ba ƙari. Ba a ƙirƙirar gashi, kuma ba a aro shi daga kan wani. Daga ƙeyar mutum a ke cirowa a kai goshinsa ko tsakar kansa. Mai sanƙon da ya riƙe wannan magana ya riga ya yi rabin shawara, wanda kuwa ya manta da ita yana iya biyan kuɗi masu yawa ya sayo wa kansa baƙin ciki.

Da fari dai ya kamata a san mene ne sanƙon kansa, domin ba kowace zubar gashi ce sanƙo ba. Akwai makero, wanda cuta ce ta fata, kuma magani ke warkad da ita. Akwai wata zuba da kan bar fili mai santsi, kewayayye kamar kwabo, a ka ko a gemu, wadda sau da yawa gashin kan komo da kansa. Akwai kuma wadda kan biyo bayan zazzaɓi mai tsanani ko ƙarancin jini, ita ma ta kan wuce in jiki ya murmure. Duk waɗannan ba su bukatar wuƙar likita. Sanƙo na ainihi shi ne wanda ke farawa daga kusurwoyin goshi biyu ko daga tsakar ka, yana ci sannu a hankali shekara da shekaru, har ya bar wa mutum gashi a ƙeya da gefen kunnuwa kaɗai.

Mutane na dora wa hula laifi, waɗansu su ce ɗaukar kaya ne, waɗansu su ce yawan tunani, masu barkwanci kuma su ce alamar arziki ce. Babu ko ɗaya daga ciki. Tun zamanin Aristotal mutanen Girka sun lura babanni, irin waɗanda sarakunan da ke ajiyewa a fada, ba sa yin sanƙo. A shekarar 1942 wani masani Ba'amurke mai suna James Hamilton ya tabbatad da dalilin: ya ga mazan da aka dandaƙe tun kafin su balaga ba sa yin sanƙo, amma in aka ba su sinadarin mazakuta, sai waɗanda a ke sanƙo a danginsu su fara zubad da gashi. Watau abu biyu ne ke haɗuwa, gado da sinadarin mazakuta. Jiki kan juya wani kaso na wannan sinadari ya zama wani da likitoci ke taƙaita sunansa da DHT, shi ne ke ƙanƙantad da saiwar gashi, gashin ya yi ta sirancewa yana gajarcewa har ya ɓace. Gadon kuwa daga ɓangare biyu ya ke zuwa, saboda haka saurayin da ke duban kan mahaifinsa yana ƙorafi, ya waiwaya ya dubi na kawunnansa da na kakansa na wajen uwa.

Abin mamaki shi ne saiwar gashin ƙeya da ta gefen ka ba ta jin wannan sinadari kamar ta goshi. A kan wannan ne dukan sana'ar ta tsaya. Wani likitan Japan, Shoji Okuda, ya bayyana dashen gashi ga waɗanda suka ƙone tun 1939, amma yaƙin duniya na biyu ya binne labarin. Sai a 1952 Dokta Norman Orentreich na birnin New York ya yi wa mai sanƙo aikin, ya kuma buga sakamakonsa a 1959, inda ya nuna gashin da aka ciro daga ƙeya yana tafiya da halinsa na ƙeya duk inda aka kai shi. Aikin farko dai ba kyan gani. Su kan huda fata su ciro dunƙule mai faɗin milimita 4, su jera a goshi, kai ya fito kamar gonar gero sabuwar tsira, tsibi nan tsibi can. Tun daga shekarun 1990 aka koma dasa gashi yadda Allah ya tsiro da shi, ƙananan gungu masu sili ɗaya zuwa huɗu, kuma in gwani ya yi aikin da wuya ido ya gane.

A nan ne lissafi ya shigo, shi ne kuma wurin da masu talla ba sa son a daɗe. Kan mutum na ɗauke da sili wajen 100,000, watau gungu wajen 50,000. Kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke zaune a yankin da ba ya zuba, kuma ba za a kwashe shi duka ba, sai a bar ƙeya fayau. Abin da likita mai hankali zai iya ɗiba a tsawon rayuwar mutum bai cika wuce gungu 6,000 zuwa 8,000 ba, wani ma bai kai haka ba. Alhali kuwa wanda sanƙo ya ci sosai zai iya rasa rabin gashin kansa ko fiye. Ba yadda za a yi dubu shida ta cike gurbin dubu ashirin da biyar. Dabarar da a ke yi ita ce a rufe wa ido, domin ido ba ya gane gashi ya ragu sai ya kusa rasa rabinsa. Sai a cika gaba, inda a ke haɗa fuska da mutane, a bar tsakar ka da ɗan abin da ya samu. Gurbin da aka ciro saiwa a ƙeya kuwa ba ya sake tsirowa har abada. Rumbu ne da ba a yi masa zubi na biyu.

Wannan shi ya sa shekarun mutum suka fi kuɗinsa muhimmanci cikin shawarar. A 1975 Dokta O'Tar Norwood ya kasa sanƙo mataki bakwai, likitoci na amfani da ma'auninsa har yanzu. Ɗan shekara 23 da ke mataki na biyu ba wanda zai iya rantse masa inda zai tsaya. In ya yi gaggawa aka zuba masa gungu 4,000 a goshi, aka sauko masa da layin gashi irin na ɗan makaranta, dashen zai zauna, amma gashin asali da ke bayansa zai ci gaba da zuba. Bayan shekara goma sai a ga gashi a gaba kamar tsibiri, bayansa fili, rumbu kuma ya kusa ƙarewa. Irin wannan kai ya fi sanƙo jawo kallo. Shahararren ɗan ƙwallon Ingila, Wayne Rooney, ya bayyana wa duniya an yi masa dashe a 2011 yana ɗan shekara 25, samari da yawa suka yi sha'awa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a 2013 ya koma aka yi masa na biyu, kuma ba kowa ke da aljihunsa ba.

Don haka likitan kirki ya kan fara da magani kafin wuƙa. Biyu ne aka tabbatad da amfaninsu. Na farko minoksidil, wanda asalinsa maganin hawan jini ne, aka lura masu shansa na tsiro da gashi, Amurka ta amince a riƙa shafa shi a ka a 1988. Na biyu finastarayid, ƙwaya ce da aka amince da ita don sanƙo a 1997, aikinta rage DHT ɗin nan. Su kan tsayad da zuba ga mutane da yawa, amma da sharaɗi: ran da aka daina, cikin watanni sanƙo zai karɓi bashinsa. Finastarayid kuma ya kan rage wa ƙalilan daga masu shansa sha'awa ko ƙarfin kusantar iyali, mace mai ciki ma ba a so ta taɓa fasasshiyar ƙwayarsa. Magana ce da mai aure zai yi da likita ido da ido, ba a kantin magani na bakin kasuwa ba. Wanda bai shirya riƙe magani shekara da shekaru ba, ya san dashen nasa gini ne a bakin rafi.

Hanyar cirowa iri biyu ce. Ko dai a yanko fata siririya mai tsawo daga ƙeya a ɗinke wurin, sa'an nan a rarraba ta gungu gungu, ko kuwa a bi da wani ɗan bututu mai kaifi a ciro gungu ɗai ɗai, hanyar da aka bayyana a 2002. Ta farko ta kan bar tabo miƙaƙƙe daga kunne zuwa kunne. Ta biyu, wadda a ke tallarta da cewa ba ta da tabo, ta kan bar dubban ɗigo ƙanana. Wanda ya saba aski ƙwal a wurin wanzami duk Jumma'a, lalle ya yi tunanin wannan.

Baƙar fata yana da nasa lissafi dabam. Gashinsa murɗaɗɗe ne, kuma murɗewar ba a waje ta tsaya ba, saiwar ma lanƙwasasshiya ce a ƙarƙashin fata. Bututun da aka ƙera don miƙaƙƙen gashin Bature ko Baturke yana iya datse saiwar a wajen cira, wadda aka datse kuwa ta yi asara ke nan. Gungun gashinsa bai kai na Bature yawa ba, sai dai Allah ya rama masa ta wani gefe, domin murɗaɗɗen gashi ya fi rufe fata, kaɗan kan yi kamar mai yawa. Babban abin tsoro shi ne tabon nan mai kumbura ya yi tudu ya zarce girman raunin, irin wanda a kan gani bayan hudar kunne ko tsaga, wanda ya fi yawa ga baƙar fata. Haka kuma ƙurajen nan masu tauri da kan fito wa maza a ƙeya su daɗe, daidai wurin da za a yi cira. Wanda jikinsa ke da ɗayan biyun nan, wajibi ne ya nuna wa likitan fata tun kafin ya yanki tikiti. Mai ciwon sukari, da mai hawan jini, da mai shan maganin tsinka jini, su ma kada su ɓoye.

Ta fuskar addini, mutane kan haɗa dashe da ƙarin gashi da aka yi hani a kansa, alhali malamai da dama sun rarrabe su. Shaihu Ibn Usaimin na Saudiyya ya halatta dashe, ya ce kawad da aibi ne da mayad da halitta yadda ta ke, ya kafa hujja da hadisin mutum uku na Bani Isra'ila, kuturu da mai ƙora da makaho, inda mai ƙora ya roƙi gashi mai kyau aka ba shi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Maleshiya a 2007, ta sa dashen gashi cikin ayyukan gyara da suka halatta in gashi ya zube. Halas ne ke nan a wurinsu, amma ba wanda ya ce farilla ne.

Saura maganar inda za a je. A Ingila asibitin gwamnati ba ya yin aikin, sai mutum ya biya daga aljihunsa dubban fam. Wannan tsada ce ta mai da Istambul ta ƙasar Turkiyya babbar kasuwar dashe, inda a kan haɗa wa baƙo aiki da masauki da mota da tafinta a farashi mai sauƙi. Akwai gwanaye a can, ba shakka. Akwai kuma wuraren da likita kan zana layi a goshi ya wuce ɗaki na gaba, ya bar wa 'yan koyo yanka da cira, har ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya ta daɗe tana gargaɗi a kan haka. Mai niyya ya tambayi sunan wanda zai riƙe wuƙar, da mutum nawa ya ke yi wa aiki a yini, ya kuma nemi ganin hotunan baƙaƙen fata da ya yi wa aiki, bayan shekara guda, har da ƙeyarsu. Wanda ya yi alkawarin gungu 6,000 a zama ɗaya bai ko ga kan ba sai a hoton waya, ciniki ya ke yi. Sa'an nan a tuna, in rauni ya ruɓe bayan an komo gida, tsakanin Kano da Istambul akwai tafiya.

Gaskiya ne sanƙo na damun wani har ya guji madubi da hoto, kuma ba daidai ba ne a yi masa dariya. Amma Bahaushe ya yi sa'ar da Yuliyas Kaisar bai samu ba, shi da marubutan Rum suka ce ya kan tajo gashinsa gaba don ya ɓoye sanƙo. A ƙasar da cikar kamalar namiji ita ce hula, ko zanna ko kube ko dara, balle rawani, mutum na iya shekara ashirin da abokin ciniki bai taɓa ganin tsakar kansa ba. Aski ƙwal ma zaɓi ne, ba ya bukatar fasfo.

Wanda ya auna duk wannan ya ga zai yi, watau ya haura talatin, zubarsa ta lafa, ƙeyarsa na da kauri, kuɗin kuma ba na cefane ba ne ko na makarantar yara, to ya shirya haƙuri. Aikin kan ci awa shida zuwa takwas, a farke a ke yinsa da allurar kashe zafi. Goshi kan kumbura na 'yan kwanaki, likita kan hana matsattsiyar hula da sunkuyawa da zama cikin rana na wani lokaci, har ma ya kan shawarci mai sallah ya yi ta a zaune kwanakin farko. Cikin mako biyu zuwa takwas yawancin gashin da aka dasa zai zube, a nan ne hankalin mutane kan tashi, alhali saiwar na nan da ranta. Sabon tsiro sai wata na uku ko na huɗu, cikakken sakamako kuwa sai bayan wata 12, a tsakar ka wani lokaci har 18. Angon da ke son a ga sabon goshinsa ran ɗaurin aure, sai ya ƙidaya watannin nan kafin iyaye su sa rana.