Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Duk wanda ya ratsa kasuwar Panteka a Kaduna zai tarar da injunan huda, da na gurzar ƙarfe, da zartuna masu lantarki jibge a gefe suna jiran 'yan jari-bola. Masu su kan ce tsufa ne ya kashe su. To, ba tsufa ba ne, sakaci ne.

Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kuɗin sabon inji ya gagari ƙaramin kafinta da mai walda. Ga shi kuwa tsoffin injunan Bosch da Makita da Black & Decker an ƙera su ne yadda za a kwance, a gyara, a mayar. Ashe yar da su asara ce da gangan.

Babbar abokiyar gabar inji ita ce ƙura, balle da hunturu. Idan ta toshe kafofin shan iska, sai inji ya yi zafi har wayar cikinsa ta ƙone. Idan kuma ta gauraya da tsohon giris, sai ya koma kamar yashi yana cin haƙoran giya. Maganin ba wuya: a zare waya daga soket, a buɗe akwatin giya, a wanke da kananzir, a bari ya bushe, kana a sa sabon giris da bai wuce rabin akwatin ba. Cika shi fal zafi yake jawowa.

Wani abin takaici shi ne yadda wasu ke ɗura baƙin man mota a madadin giris. Wannan mai tsiyayewa yake yi ya shiga inda kabon yake, wurin da bai kamata maiƙo ya taɓa ba ko kaɗan. Shi kuwa kabon, da zarar tartsatsi ya yi yawa a duba shi. In ya cinye a canja duka biyun tare. Mai sayen na gwanjo kuma ya karanta jikin injin, domin na Amurka wuta 120 yake sha, tamu kuwa 230 ce.

Nauyin yana wuyan iyayen gida. Yaron da aka koya wa huda da yanka ba a koya masa share inji ba, rabin sana'a aka ba shi. Ya kamata kowane shago ya ware rana guda a wata domin wannan aiki. Abin da ke ciyar da mutum ai ya cancanci cokali guda na giris.

Allah ya sa a gyara.