Ina Alkaki da Nakiya Suka Shiga a Littattafanmu?

'Yan uwa marubuta, mu gaya wa juna gaskiya. Kun ce tauraruwarku 'yar Bagwai ce, amma da Sallah ta zo sai ga ta tana gasa biskit mai cakulan da busasshen inabi. Wannan kayan Kirsimetin Amurka ne, daga intanet kuka kwaso shi.

Ga shinkafar Watari a ƙofar gidansu. Da ita ake daka nakiya, a sa zuma da man shanu da citta, ta yi watanni ba ta lalace ba. Alkaki kuwa sai kwaɓin alkama ya kwana kafin a soya, a tsoma a ruwan sukari.

In tsofaffin da suka iya suka ƙare ba mu rubuta ba, wa za a tambaya? Ku shiga madafi wurin Inna kafin ku ɗauki alƙalami.